Agogon gudun babur ya mutu: a gyara, a canza, ko a haƙura?

Da daminar bara, wata ranar Laraba bayan la'asar, ruwa ya ɗauke ke nan na hau babur zan koma gida. Ina cikin tafiya na duba agogo na ga sifili, alhali iska sai kaɗa mini riga take yi. Can sai ya farka ya nuna 47, ya faɗo 12, ya sake mutuwa. Washegari na kai wa wani yaro bakanike a bakin titinmu. Bai ko tsuguna ba, ya ƙwanƙwasa gilashin agogon da ɗan yatsa ya ce, "Alhaji, kan ne ya ƙone, sai dai a sayo sabo." Da ya faɗi kuɗin na ce masa zan dawo.

Wanda ya gano matsalar wani dattijo ne mai rewaya. Ya ɗora babur kan jaki biyu, ya sa yaronsa ya danne baya har tayar gaba ta ɗaga, ya ce a juya ta da hannu. Shi kuma ya kama kan babur yana karkata shi hagu da dama a hankali, idonsa na kan agogo. In ya karkata hagu lambobi su fito, in ya koma dama su ɓace. Ya ce, "Malam, agogonka lafiyarsa ƙalau. Waya ce ta karye a wuya." Ya yanka baƙin robar da ta lulluɓe wayoyin, sai ga wata siririya, fatarta ba ko ƙwarzane, amma da ya ja ta sai ta miƙe kamar cingam, don jan ƙarfen cikinta ya daɗe da tsinkewa. Dalma, ɗan guntun roba, minti ashirin.

Na kawo labarin ne don a ga inda kuɗi ke zurarewa. Mai babur yana da hanyoyi kamar biyar idan agogo ya mutu: ya gyara abin da ke kai, ya canza sensa ko kebur, ya canza agogon ɗungurungum, ya jingina da wani abu daban kamar waya ko agogon keke, ko kuwa ya share. Kowacce tana da inda ta dace. Amma ba a zaɓa tsakaninsu sai an san irin agogon da ke kan babur ɗin, da kuma daidai inda cutar take.

Irin na da, wanda ke kan Bajaj Boxer da galibin baburan haya da na zuwa gona, ba ya da sensa ko kaɗan. Wata 'yar giya ce a gindin tayar gaba, taya na juyawa tana juya wata murɗaɗɗiyar waya a cikin kebur, wayar ta hau sama ta juya maganaɗisu a cikin agogo. Maganaɗisun yana jan wani ɗan kofin alminiyam ba tare da ya taɓa shi ba, kofin ya tura allura, wani siririn sifirin kuma yana mayar da ita baya. Dabarar tsohuwa ce, wani Bajamushe mai suna Otto Schulze ya yi mata rajista tun 1902, kuma har yau ba ta gaza ba. Babban alherinta shi ne ba ruwanta da wuta. Babur ɗin da batirinsa ya mutu shekara biyu, ana tayar da shi da ƙafa kullum, allurarsa za ta ci gaba da aiki.

Ɗaya irin shi ne mai sensa. Bajaj ta sa wa Pulsar agogon lambobi da sensa a tayar gaba tun 2006, yanzu kuma manyan babura kusan duk haka suke, har da ƙanana da dama. A nan babu abin da ke juyawa a cikin kebur, wayoyin lantarki ne kawai. Sensar tana zaune kusa da wani abu mai haƙora ko mai maganaɗisu, duk lokacin da haƙori ya gifta ta aika bugu ɗaya, agogo ya ƙirga bugun ya mayar da shi kilomita. Wata tana gindin tayar gaba, wata tana jikin inji kusa da ƙaramin sufuroket, a babura masu burkin ABS, wato burkin da ke hana taya kullewa, kuma sau da yawa sensar burkin ce ke ba agogo labari. Akwai kuma 'yan tsaka-tsaki: a gindin taya ka ga gidan giya irin na da, amma waya ce ke fitowa daga cikinsa ba kebur ba. Kada fuskar agogo ta ruɗe ka. Akwai mai allura da ke aiki da sensa. Tsuguna ka bi abin da ya fito daga taya da hannunka: in mai kauri ne mai tauri da goro a bakinsa, kebur ne; in mai laushi ne da ya ƙare a soket, sensa ce.

Mai kebur ba shi da dogon zance, don haka bari in sallame shi da wuri. Kwance goron da ke ƙasan agogo, zaro bakin kebur, ɗaga taya ka juya ta. In bakin wayar ciki, mai kusurwa huɗu, yana juyawa, laifin na agogo ne. In bai motsa ba, ja shi: in ya biyo hannunka guntu, ya tsinke, in ya fito cikakke, giyar ƙasa ce ta cinye. Allura mai rawa tana tsalle-tsalle alamar kebur ya bushe ne ko ya lanƙwashe. In lambobin kilomita suna tafiya allura na kwance, ko allura na aiki lambobi sun tsaya, to cikin agogon ne. Abin da na fi gani yana kashe giyar nan shi ne zuwa wurin mai faci. A cire tayar gaba, a zo mayarwa cikin gaggawa, 'yan kunnuwan da ke shiga ramin giyar ba su zauna daidai ba, a ɗaure goro da ƙarfi, shi ke nan an murƙushe su. Duk wanda agogonsa ya mutu ranar da aka yi masa facin gaba, ya san inda zai fara dubawa. Hukuncina a nan ɗaya ne: kebur da giya kayan arha ne, a canza su kawai, ba a ɗinkin su. A shafa wa sabon kebur giris kaɗan, amma a bar kamar tsawon ɗan yatsa daga sama ba giris, don yana hawa ya shiga agogo ya danƙare allura.

Mai sensa ne ke buƙatar natsuwa, domin a nan kuskure ɗaya ke sa mutum ya sayi abin da bai lalace ba.

Fara da kallon abin da agogon ke yi. In ya mutu gaba ɗaya, ba haske ba lamba, ba maganar sensa ba ce: duba fis, kan batir, da wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen babur. In yana ɗaukewa ya dawo duk lokacin da ka danna sitata, batir ne ya yi sanyi. Lafiyayyen batir yana nuna kamar bolt 12.6 in inji na kashe, in an tayar an ɗan ba shi wuta kuma ya tsaya tsakanin 13.5 da 14.5. In ka ga ya haura 15 yana ci gaba, rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar caji, ta lalace, kuma duk sabon abin da ka saka za ta ƙona shi kamar yadda ta ƙona na farko. Sai idan komai na fuskar agogon yana aiki, ma'aunin mai, fitilar giya, agogon lokaci, gudu kaɗai ne sifili, sannan za a tuhumi sensa da wayarta.

Ko a nan ma sensar kanta ita ce ta ƙarshe a jerin waɗanda nake zargi. Abu ne da aka toshe cikin roba, ba abin da ke goga a cikinsa, ba ya saurin mutuwa. Waya ce ke shan wahala. Tana bin shokazoba tana sama da ƙasa a kowane rami, tana lanƙwasa a wuya duk lokacin da aka karya kwana, ga duwatsu, ga ɓera in babur na kwana a zaure kusa da buhunan hatsi. Soket kuma ruwa ke cinye shi. Masu wankin babur da injin feshi suna tura ruwa inda ruwan sama ba ya kaiwa, bayan sati biyu ka buɗe soket ka ga haƙoransa sun yi kore. Sannan bakin sensar, musamman wadda ke jikin inji, maganaɗisu ne, yana tara garin ƙarfe har ya yi gemu. Tsumma kawai yake so. Tazarar da ke tsakaninta da haƙoran da take karantawa ƙarama ce, wajen milimita ɗaya, don haka ko ƙusar da ke riƙe da ita ce ta yi sako-sako, ko boris ɗin taya ya fara wasa, lamba za ta riƙa ɓacewa.

Gwajin da ke raba gardama yana buƙatar mitar gwajin wuta, irin ƙaramar nan da masu gyaran rediyo ke riƙewa. Ƙirga wayoyin sensar. In uku ne, ɗaya ta kawo wuta, bolt 5 ko 12 gwargwadon babur, ɗaya ta ƙasa ce, ta ukun ita ke kai saƙo. Wannan irin tana aiki ne da abin da Edwin Hall ya gano a Amurka a 1879, cewa maganaɗisu na karkatar da wutar da ke ratsa ƙarfe. Kunna makulli, bar soket a haɗe, soka allurar ɗinki ta bayansa don ka taɓa haƙoran. In wuta ba ta zuwa, matsalar tana sama, a waya ko agogo. In tana zuwa, koma kan wayar saƙo ka sa a juya taya sannu-sannu: mita za ta riƙa tsalle daga kusan sifili zuwa sama, ta dawo, ta koma. In tana wannan tsallen a soket na ƙasa amma ba ta yi a bayan agogo, waya ta karye a tsakani. In tana yi har bayan agogo amma fuska na nuna sifili, to yaron nan ya yi gaskiya, kan ne. In wuta na zuwa amma saƙo ya tsaya cak, sensa ta mutu. Mai waya biyu kuwa a wasu babura naɗin jan ƙarfe ce kawai a kan maganaɗisu, ita ke haifar da 'yar wutarta in taya na juyawa. In irin wannan ce, a cire soket a auna ko naɗin ya tsinke.

Abu ɗaya da zan roƙa: kada ka bari a yi wa wayoyin nan gwajin gargajiya, wato a goga waya a jikin ƙarfe a ga ko za ta yi tartsatsi. A wayar fitila ko ta ham wannan ba ya kashe komai sai fis. A wayar sensa yana iya ƙona abin da ke cikin agogo, mutum ya zo da ƙaramar cuta ya tafi da babba.

To, an gano. Yanzu sai zaɓi.

Gyaran waya ko soket shi ne mafi sauƙi, kuma in an yi shi da kyau ba ya dawowa. Da kyau ɗin nan ita ce maganar. A murɗa wayoyi biyu a naɗe da salatif, wannan gyaran sati uku ne, zafin rana zai saki salatif ruwa ya shiga. A yi dalma, a sa robar nan da ke tsukewa in ta ji wuta, kuma kada a bar mahaɗin daidai wuyan da ke lanƙwasa. A yanke guntun da ya gaji a sa sabo mai ɗan tsawo, mahaɗan su faɗa inda ba motsi.

In sensar ce ta mutu, ga orijina, ga kwaikwayo, ga ta hannu. A nan na fi son mutum ya daure ya sayi orijina, ba don sunan kamfani ba, sai don dalili biyu. Na farko, agogo an saita shi ne ya ji adadin bugu kaza a kowane juyin taya. Sensar da ta yi kama a ido amma bugunta ya bambanta za ta sa kana tafiyar 40 agogo na cewa 80, kilomitocinka kuma su ninka. Na biyu, soket na iya shiga daram amma jerin wayoyin ciki ya saɓa, wuta ta bi inda saƙo ya kamata ya bi. Ba duk kwaikwayo ne banza ba. Kasuwar Nnewi ta jihar Anambra ta daɗe tana ciyar da Nijeriya da kayan babur masu daraja hawa-hawa, kuma mai shago na gaskiya zai gaya maka wannan lamba ɗaya ce wannan lamba biyu. Amma tafi da tsohuwar a hannu, haɗa su gefe da gefe, duba launin wayoyi, kuma ku yi yarjejeniyar dawowa in ba ta yi ba. Ta hannu daga babur ɗin da ya yi hatsari, irin wadda ake samu a Panteka ta Kaduna ko Katako ta Yamai, sau da yawa ta fi sabuwar jabu, muddin daga irin babur ɗinka aka ciro ta kuma wayarta ba ta tauye ba. Tun da abu ne da ba ya cinyewa da goga, tsufa ba ya saurin rage mata ƙarfi.

Canza agogon gaba ɗaya shi ne mafi tsada, kuma yana da wata asara da ba a faɗa wa mutum. A yawancin ƙananan babura lissafin kilomita a cikin agogon yake zaune. Sabo zai fara daga sifili, na hannu zai zo da tafiyar wani. Kafin a cire tsohon, in har yana nuna lamba, ɗauki hotonta ka ajiye tare da takardun babur. Ranar sayarwa wannan hoton zai raba ka da zargin ka mayar da agogo baya.

Akwai kuma agogon lambobi na kowa-da-kowa da ake kawowa daga Sin, mai haske shuɗi ko ja, wanda samari ke so su ɗora wa babur mai kebur don ado. Yana da kyau a ido da daddare, ban musa ba. Amma yana buƙatar lafiyayyen batir kullum, ana yanka wayoyin babur kafin a haɗa shi, ma'aunin mansa sau da yawa ba ya jituwa da abin da ke cikin tanki, kuma da rana tsaka wasunsu sai ka kare da tafin hannu kafin ka ga lamba. Wanda babur ɗinsa ke aikin ƙauye, yau laka gobe rairayi, ya cire abin da ke aiki ba wuta ya saka wannan, ya sayi wahala da kuɗinsa. Inda yake da amfani shi ne babur ɗin da aka daina kawo kayansa, an nemi agogonsa an rasa.

Agogon keke ya fi shi sauƙin kai, kuma mutane ba su cika tunawa da shi ba. Ɗan maganaɗisu a jikin taya, 'yar sensa a jikin shokazoba, batirinsa irin na agogon hannu, ba ya taɓa wayar babur ko ɗaya. Abin da yake so kawai a gaya masa kewayen taya. Sa alli a taya da ƙasa, hau babur, tura har allin ya dawo ƙasa, auna tsakanin alamun biyu. Tayar gaba mai inci 17 irin ta ƙananan babura tana ba da wajen milimita 1,800. Ma'ana a gudun kilomita 60 tana juyawa fiye da sau 550 a minti, don haka a ɗaure maganaɗisun da gam mai ƙarfi ba da robar da ya zo da ita ba. Nakasunsa biyu: galibi ba shi da haske da dare, kuma yara na iya zare shi in ka ajiye babur a bakin kasuwa.

Wayar hannu fa? Manhajar da ke auna gudu da tauraron GPS tana da kyau ƙwarai a miƙaƙƙiyar hanya, ba ta ma buƙatar data don ta nuna gudun. Ni da ita nake gwada kowane gyara. Amma ba ta zama madadin agogo. Tana makara in ka taka burki ko ka ja wuta, rana na dafa wayar har ta kashe kanta, ga masu fizge a cunkoso. Kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi a 2021 cewa girgizar babur na iya lalata kyamarar iPhone. Kuma in ka gwada ka ga agogonka ya ɗara na waya kaɗan, kada ka koma wurin bakanike da faɗa. Da gangan ake yin su haka. Ƙa'idar da Turai ke bi ta hana agogo ya nuna ƙasa da ainihin gudu, ta yarda ya ɗara da kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4, wato kana 50 yana iya cewa 59 bai yi laifi ba. Wanda ya kamata ya damu shi ne wanda agogonsa ke nuna ƙasa da waya. Wannan yakan faru in an sa taya mafi girma, ko kuma, a babur ɗin da sensarsa ke jikin inji, an canza ƙaramin sufuroket daga haƙora 14 zuwa 15 don a rage kukan inji a doguwar hanya. Wannan canjin kaɗai yana sa agogo ya rage maka wajen kashi 7 cikin ɗari, sensar kuwa ba ta yi komai ba.

Saura masu cewa a bar shi, waɗanda su ne suka fi yawa. Tsaya a kowace tashar 'yan acaɓa ko 'yan kabu-kabu ka leƙa, za ka ga allurai kwance, wasu ma an liƙe fuskar agogon da sitika. In ka tambaya a ce maka, "Oga, ai kunne na ji." Gaskiya ne wanda ya shekara goma a kan babur ɗaya yana gane gudunsa da kukan inji. Sai dai kunne yana yaudara bayan awa biyu a kan kwalta, ka shigo gari kana jin kamar rarrafe kake alhali ka wuce kilomita 50 ɗin da dokar hanya ta Nijeriya ta yanka wa babur. Kuma ni ba allurar ce ta fi damuna ba, lambobin ƙasanta ne. Da su ake sanin lokacin juye, da su ake gane babur ya fara shan mai fiye da da, da su mai babur ke sanin ko yaron da ya ba haya ya tsaya a cikin gari ko ya kai kaya ƙauye na uku. Wanda ba shi da su yana canza baƙin mai ne da ka, wani lokaci ya yi asarar mai kyau, wani lokaci ya bari sai ya zama kwalta.

A babur mai kebur, sharewa ganganci ne kawai mai ɗan tsada a gaba. A babur mai ABS kuwa ba zaɓi ba ne. In sensar taya ta mutu fitilar ABS za ta kunnu ta zauna, burki zai ci gaba da kamawa irin na da, amma kariyar nan da ke hana taya kullewa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ta tafi. Wasu babura masu injekta ma kwamfutar injin na amfani da labarin gudu, sai ka ji silo, wato aikin inji in babur na tsaye, ya rikice ko babur na mutuwa in ka kama kuloci za ka tsaya, a yi ta wanke wurin da ba shi ne ba.

Da dattijon nan ya gama ɗaure wayata, sai ya sake karkata kan babur har ƙarshe hagu, har ƙarshe dama, yana kallon ko wayar na miƙewa. Ya ga ta ɗan ɗame a dama, ya yanke abin ɗaurin da wani ya taɓa matse ta da shi a jikin ƙarfe, ya sassauta mata kamar faɗin yatsu biyu, ya sake ɗaurewa. Ya ce wannan matsewar ce ta karya ta tun farko, kuma in na kai wanki in ce wa yaran su kawar da bakin feshi daga gindin taya. Damina ta sake zagayowa, lambobin ba su ƙara ƙiftawa ba.